Amya ta Ƙarshe

"Sake karanta mini, ɗana."

Aminullahi, mai gyaran waya a unguwar Mansur, bai ma san sunan dattijon ba. Siriri ne, cikin rigar masu shara, yana riƙe da wayarsa gefe da gefe kamar saƙar zuma. Daga Maraɗi matarsa Murja ta turo hoton saƙar amyarsu ta ƙarshe, ƙudan zuman suna ta mutuwa. Jiya Aminullahi ya ɗora masa hoton a dandalin masu kiwon zuma na duniya.

"Wani Baturke ya ce akwai ƙwai, sarauniyarsu tana raye, Baba. Yunwa ce. A ba su ruwan sukari."

Dattijon ya hura gilashin wayar a hankali, wataƙila yadda ya saba sauke ƙuda daga hannunsa.

"Murja ba ta shan shayi babu sukari," ya ce da murmushi. "Amma za ta ba su nata."

Ya ɗauki tsintsiyarsa, ya gangara yana kiranta a waya.