Tukunyar da Furera Ta Haɗa wa Allura

Furera tana da shekara sittin da uku. Maginiyar tukwane ce a garin Mayahi, ko da yake kafin bana ta yi shekara goma sha ɗaya hannunta bai taɓa yumɓu ba.

A wani ƙauye na ƙasar Issawane aka haife ta, gidan da maza ke noma, mata ke gini. Abin da uwarta ta fara koya mata shi ne bambancin tukunyar girki da randa. Ta girki ana so jikinta ya toshe. Randa kuwa ana so ta yi gumi, shi ya sa ake cuɗa yumɓunta da ƙaiƙayin gero. Idan aka gasa, ƙaiƙayin ya ƙone, ya bar ƙofofin da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta buga shi, na ciki ya yi sanyi.

Ta auri Na Allah, mai amalanken jaki, wanda ke kai mata kaya kasuwa, suka dawo Mayahi da zama. Haihuwarta bakwai, huɗu suka rayu. Maza ukun duk suna arewa wajen neman abinci. Munira, ɗiyarta ta fari, ita kaɗai ke kusa, gida biyu ne tsakaninsu.

Sana'ar a hankali ta mutu. Robobi suka cika kasuwa, sannan ruwan leda mai sanyi, sannan masu hali suka sayi firigo, wato firji. Gashin tukwanenta na ƙarshe, randa ashirin ta kai kasuwa ta dawo da sha bakwai. Ta jera su a bayan ɗaki, ta rufe da tsohuwar tabarma, ba ta sake gini ba.

Shekara shida da suka wuce aka gano Na Allah yana da ciwon sukari. Ƙwayoyi suka kasa, aka mayar da shi kan allura, safe da yamma. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na likita, ƙaramin asibitin unguwarsu, shi ya koya wa Furera yadda ake zuƙo ruwan daga ƙaramar kwalba a soka a cinya. Ba ta iya karatu ba, sai ya ɗaura mata jan zare a jikin sirinji daidai inda za ta tsaya. Ya kuma gaya mata abu biyu game da kwalbar: kada ta sha rana, kada ta daskare.

Ajiyar ba ta taɓa zame mata matsala ba. Abdul Razak, mijin Munira, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, yana da firigo. Shi ke sawo maganin daga Maraɗi, shi ke ajiye shi, Munira ta riƙa kawowa. Duk unguwar an shaide shi suruki ne na kirki. A shekara goma sha biyu da aurensu, Furera ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana wurin ba, ba ta taɓa kallon fuskarsa sosai ba. In ya zo gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana bayan labule. Munira ma, da yake ta fari ce, "ke" take ce mata. Haka ta taras ana yi, haka take yi.

Wata Laraba a farkon watan Mayu, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Iska ce da ƙura kawai, ko ɗigo bai sauka ba. Ta kayar da turakun layin da ke kawo kuran, wato wutar lantarki, garin ya kwana goma sha uku babu wuta.

Zafin da ya biyo baya, tsofaffi sun ce ba su san irinsa ba. Kafin hantsi ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa. Rufin kwano yana ƙara shi kaɗai. Kaji suna kwanciya gindin bango baki buɗe, wasu ba sa tashi. A rana ta biyu pampo ya ƙafe, domin injin da ke tura ruwa shato, babban tankin garin, da kuran yake aiki, aka koma tsofaffin rijiyoyi. Wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A cikin mako guda an binne tsofaffi huɗu a unguwar su Furera.

Washegarin ɗaukewar wutar, Munira ta shigo da kwalabe uku a ƙulle cikin gefen mayafi. Firigo ya huce, ta ce. Kwana biyar ke nan da kawo su daga Maraɗi, su ne maganin wata uku.

Furera ta je bayan ɗaki ta yaye tabarmar. Ta zaɓi babbar randa ɗaya da ƙaramar tukunya, ta ƙwanƙwasa kowace da yatsa ta ji ƙararta. Ba a taɓa zuba musu ruwa ba, don haka jikinsu bai toshe ba. Ta sa ƙaramar cikin babbar, ta cika tsakaninsu da rairai, ta jiƙa shi sosai, ta ajiye kwalaben a ciki, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Ta kai zaure, inda iska ke ratsawa. Zuwa azahar, in ka tura hannu ciki sai ka ji kamar asubar damina.

Na Allah yana kwance kan tabarma yana kallonta.

"Ke Mai Tulu, ashe kayan naki da sauran rana?"

"Malam, kai da ka ce in fasa su in yi daɓe da su."

"Na ce. Allah ya taimake ni ba ki jin magana."

Sai dai tukunyar tana shan ruwa kamar mutum. Sau uku a rana ake jiƙa rairan, in ya bushe aikin banza ne. Furera takan fita bayan sallar asuba da bidon ɗaya, wato jarka, ta bi layin rijiya, wani lokaci sai rana ta take kafin guga ya zo kanta. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ta ɗauko, rairai ke shanyewa. Wanka ta daina. Kwana uku aka yi haka, Na Allah yana cin tuwonsa, yana zolayar masu wucewa.

A rana ta huɗu da hantsi Abdul Razak ya zo a kan babur, da kula a ɗaure a baya. Furera ta ji sallamarsa ta shige ɗaki. Ya gaida Na Allah a zaure, sannan ya zo ya durƙusa bakin ƙofarta.

"Inna, ina kwana? Ya zahi?"

"Lahiya lau. Zahi da godiya."

"Inna, an samu sauƙi. Akwai wani mai shago a tasha, yana da gurup, injin wuta, yana yin ƙanƙara. Na roƙe shi, ya yarda a sa maganin Baba cikin babban firigonshi. Ni zan riƙa kawowa sahe da marece."

Furera tana bayan labule. Maganar majo tana kanta.

"Ai tukunyar na yi," ta ce, murya ƙasa ƙasa.

"Tana yi, Inna, sannu da ƙoƙari. Amma zahin bana ya wuce tukunya. Kuma ki dubi wahalar ruwan ga da kike sha. Ki huta."

Daga zaure Na Allah ya ɗaga murya.

"Bar shi ya tahi da su, Mai Tulu. Yaron ga ya yi karatu. Ke ma ki samu ki yi wanka, mu huta."

Ya yi dariya, Abdul Razak ma ya ɗan murmusa kansa a ƙasa. Furera ta bar shi ya ɗauki kwalaben. Daga baya ta ce a lokacin ta yi tunanin ko ita ce ba ta fahimci majo ba, tunda shekara shida ke nan, shi kuwa wannan yana karanta takardar da ke cikin kwalin. Ko da ta tabbata ma, ba ta san yadda mace ke ce wa mijin ɗiyarta ya yi kuskure ba, ga mijinta yana ji. Tana jin ƙarar murfin kula, tana jin tashin babur.

Washegari da safe kwalbar ta zo, ruwan ciki ya zama dutse. Furera ta murza ta tsakanin tafukanta har ya narke, ta yi allurar. Da Munira ta leƙo, ta jawo ta gefe.

"Ke, ki ce wa mai gidanki majo ya ce ban da daskarewa."

"Inna, yanzu mutum ya ƙona esansi a babur ya yi ta zirga-zirga cikin ranar ga, in je in ce mishi bai iya ba?"

"Ki dai gaya mishi."

Munira ta gaya masa, amma ta sassauta. Abin da ya isa kunnensa shi ne Inna ta ce kada ya wahalar da kansa, tukunya ma ta isa. Ya ce ai ba wahala. Shi abin da ya sani, zafi ke lalata magani, sanyi kuwa gyara yake, in ya yi yawa ya fi.

Furera ta yi niyyar zuwa wurin majo ta tambaya. Ranar farko layin rijiya ya cinye ta. Rana ta biyu ta je ta taras da mutane kwance har tsakar gida, yara da tsofaffi, ana ɗaura musu ruwa a ƙarƙashin itacen bedi. Ta tsaya ta ga ba wanda zai saurare ta, ta juyo.

Na Allah ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ya sha moɗa uku ya nemi ta huɗu, ya riƙa zagayawa bayan gida. Jikinsa ya saki, zolayar ta ragu. Ba wanda ya ɗauka wani abu ne, domin duk garin ƙishirwa ake ji, duk garin jiki a sake yake. Masu zuwa dubiya suna cewa zafi ne, Allah ya kawo ruwa. Furera tana yin allurar safe da yamma, daidai jan zare.

A rana ta biyar da fara hakan ya yi amai sau biyu. Bayan azahar numfashinsa ya canza, yana ja da ƙarfi kamar wanda ya yi gudu. Ta kira shi bai amsa ba. Aka ɗora shi a amalanken maƙwabci zuwa likita.

Majo ya soki yatsansa ya gwada, na'urar ta kasa nuna lamba saboda yawan sukarin. Ya tambaya ko an fasa allura. Furera ta ce ko sau ɗaya. Ya ce a ba shi kwalbar. Ya ɗaga ta wajen taga, ya juya ta. Wasu fararen gudaji sun manne a jikin gilashin.

"Ina aka ajiye wanga?"

Abdul Razak ya faɗa masa.

"Ta daskare?"

"Kullum."

Majo ya ajiye kwalbar a kan tebur. "Kwana biyar ruwa kuke soka mishi," ya ce.

Aka ɗaura masa ruwa, aka yi masa allurar da ke nan, aka ce sai Maraɗi. Kafin a samu mota la'asar ta yi. Na Allah ya cika a hanya, ba su kai rabi ba, motar ta juyo da shi. Yana da shekara saba'in da ɗaya. Kwana uku bayan an binne shi kuran ya dawo.

Abdul Razak ya zauna makoki kwana uku. Daga nan ya daina shiga gidan, sai dai ya aiko Munira da cefane. Wasu dangi sun so su ɗora masa laifi, Furera ta hana. "Shi bai sani ba," ta ce. "Ni na sani." Iyakar abin da take faɗa ke nan, ba ta kuka in tana faɗa.

Tana cikin takaba majo ya zo gaisuwa. Ya ga randar a zaure, rairan ya bushe, ya tambaya. Da ta yi masa bayani ya ce akwai mutum tara a hannunsa masu irin wannan allura, uku kaɗai ke da firigo, kuran kuma har yanzu zuwa yake yana ɗaukewa. Ya ce in za ta iya, yana so.

Da ta fita takaba, damina ta ja baya, an fara girbin gero. Ta je gulbi da kanta ta haƙo yumɓu, ta roƙi sabon ƙaiƙayi wurin masu sussuka. Hannun ya yi nauyi, na farko biyu suka tsage wajen bushewa. Ta sake. Ta gina ƙananan tukwane shida masu murfi, daidai cikin randunan da ke bayan ɗaki, ta gasa su da kara da busasshen kashin shanu a bayan gari.

Ranar Asabar da ta wuce ta aika Munira ta ce mijinta ya zo ya kai su likita. Ya zo da amalanken haya, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Furera ta ɗaga labulen ta fito tsakar gida.

"Abdul Razak," ta ce, "taso ka gani."

Munira ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya ɗago, ya sake sunkuyawa, sannan ya tashi.

Ta sa shi ya zuba rairai da hannunsa tsakanin randa da tukunya. Ya cika da yawa, ta ce ya rage, ya rage. Ta nuna masa yadda ake zuba ruwan a hankali ta gefe har rairan ya ƙoshi, da inda ake ajiyewa don iska ta samu. Ta ce sau uku a rana, in zafi ya tsananta sau huɗu. Ta ce ya gaya wa kowane ɗaya daga cikin masu allurar da bakinsa, kada kwalbar ta kusanci ƙanƙara ko wa ya ce, kuma ta sa ya maimaita mata. Sannan ta kama gindin randar farko, shi ya kama baki, suka ɗora ta a amalanke.