Allurar Surukina

Surukina ya yi rayuwarsa yana sayar da itace a kasuwar Katako. Mutum ne marar yawan magana, ni kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa.

Yana cikin jinyar kansar huhu sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ta ɗau zafi. Surukata ta zaci targaɗe ne, har ta ɗumama man shafawa, amma ya ƙi yarda a taɓa. A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar. Likitar ta ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma kansar takan jawo haka. Ta hana a matsa wurin, don gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu.

"Kullum za a riƙa yi masa allurar hana jini daskarewa, a fatar ciki," in ji ta. "Wa zai koya a cikinku?"

Matata ba ta iya kallon allura. 'Ya'yansa maza suna nesa, surukata kuma hannunta rawa yake. Haka abin ya faɗo kaina.

Ranar farko a gida na tsaya da allurar a hannu, na rasa yadda zan ce masa ya ɗage riga. Shi ya ɗage da kansa, ya juya fuska wajen bango.

"Yi abin da aka koya maka, ɗana."

Na tattaro fatar da yatsu biyu, ta yi laushi saboda rama, na soka. Bai motsa ba. Daga nan kullum da safe, kafin in wuce shago, sai in biya ta gidansu a unguwar Daɗin Kowa. Cikin nasa ya cika da tabo, ina lalube ina neman inda ban soka ba jiya. Don kada shirun ya yi mana nauyi, ya fara ba ni labarin itace: wanne ne gara ba ta ci, wanne ke lanƙwasa in an yi rufi da shi ɗanye.

Wata safiya ya zaro hankici daga ƙarƙashin matashi. Akwai jini a jiki, na tari.

"Kada ka gaya musu," ya ce.

Na mayar da murfin allurar. "Baba, su zan iya yi musu shiru. Amma likita ta ce in an ga jini a dawo."

Ban taɓa musa masa ba sai ranar. Ya kalle ni, sannan ya ce in miƙo masa hularsa mu tafi asibiti.

Likitar ta dakatar da allurar na 'yan kwanaki, aka yi gwaji, sannan aka ci gaba da ita an rage ƙarfi. Ta ce tsakanin daskarewa da zubar jini ake lallaɓawa, babu wanda za a sake wa.

Kumburin ya sauka sannu a hankali. Har takalmi ya shige shi, na kai shi Katako ya zauna a benci cikin tsoffin abokansa, suna ta tsokanarsa wai ya zama ɗan hutu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kansar ce ta ɗauke shi da damina. Sauran alluran na mayar asibiti, aka ba wani mai irin ciwonsa.