Kwalabe Bakwai a Tagar Baba

Abin da na fara gani ranar da na dawo hutu shi ne kwalabe jere a kan tagar ɗakin Baba. Bakwai ne, kowace da kalar ruwanta. Da na shiga gaishe shi na ga farin idonsa ya zama ruwan ɗorawa. Mama ta ce shawara ce, asibiti sun ce hantarsa ta kumbura.

A wurinmu ba a zuwa duba mara lafiya hannu rabbana. Matan zumunta na cocinmu sun kawo ruwan shuwaka. Mutumin da ke sayen cittarmu a kasuwar Kafanchan ya kawo saiwar rawaya. Ƙanen Baba ya zo daga ƙauye da wani ɓawon itace da ko sunansa na Hausa bai sani ba. Ƙin shan abin da aka kawo maka kuwa kamar korar mai shi ne. Don haka Baba yana kurɓar kowanne, sannan ya bi da ƙwayoyin asibiti.

Ni ke wanke kofinsa. Na lura duk ranar da ya sha na ɓawon nan, ba ya taɓa tuwo.

Ranar komawa asibiti na raka su. Likita ta tambaye shi, "Baba, ban da namu, kana shan wani abu?"

"Sai ruwa, likita."

Mama ta hau gyaran ɗankwali. Likita ta ce ita ba ta raina itatuwa ba, akwai masu taimakon hanta, amma duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, tasa kuma ta gaji. In akwai, a kawo ta gani.

A cikin keke Napep, a hanyar gida, Baba ya ce, "In faɗa mata, ta ce in zubar? Da wane ido zan dubi mutane a coci?"

Da muka isa gida na gutsuri kowane ganye da saiwa da aka jiƙa a kwalaben, na zuba a gwangwanin kayan lissafina. Huɗu na sani, uku ban sani ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana tsakar gida tana tsaga citta. Na daɗe a tsaye.

"'Yar boko, an dasa ki ne?"

Na buɗe mata gwangwanin. Na ce, "Kaka, don Allah ki raka ni wurin likita gobe. Ke ki faɗi sunayensu, ni in rubuta."