Ƙwaryar Kaka da Robar da Ke Ɗinke Kanta

Kakata Ya Bintu ba mai tatsuniyar lallashi ba ce. A ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, in ɗari ya shigo an baza tattasai yana bushewa, mu jikokinta mukan kewaye wutar kara bayan isha'i, muna ta atishawa saboda yajin da ke cikin iska. Sai ta gyara zama ta ce, da Hausarta mai gardin Barbarci, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce, "Ta zauna mu ji ta!"

Akwai guda ɗaya da ba ta taɓa kai ƙarshenta ranta bai ɓaci ba.

Wai wata mata ce ta gaji ƙwarya daga uwarta. In ƙwaryar ta tsage, sai a haɗa bakin tsagar, a kife ta kusa da murhu, a ƙyale ta ta kwana. Da safe ko tabo babu. Labari ya bazu, maƙwabta suka fara zuwa aro. Da fari da hannu biyu suke ɗaukarta. Da suka ga ba ta mutuwa, sai wannan ya jefi akuya da ita, wancan ya mai da ita kujera. Mai ƙwarya ta yi magana, suka ce, "Haba, ai taki mai haƙuri ce." Har kwanan ma suka hana ta: a fasa da hantsi, a zo a karɓa da la'asar tsagar ba ta gama kamawa ba. Ran nan aka cika ta da nono, ta rabe biyu, ta ƙi komawa. Gari ya taru yana zagin ƙwarya, wai ta lalace.

A nan Kaka takan tsokani wuta da kara har tartsatsi ya tashi. "Marasa kunya! Ita ta lalace ko su?"

Nakan ce, "Kaka, to sai me ya faru?"

"Falmata, me kike so ya faru? Nono ya zube. Tashi ki kwanta."

Na yi lakkol, na wuce jami'a na karanta ilimin haɗa sinadarai. Abin da ya kai ni ga roba kuwa tiyon ban-ruwan babana ne. Rana takan gasa shi ya yi ta tsagewa, Baba yana naɗe shi da yankin tsohon tub na babur, rabin ruwan na tsiyayewa kafin ya kai ga shuka. Yanzu a labo, ɗakin bincikenmu, muna neman robar da za ta yi ƙwari, in kuma ta yanke, zarurrukan cikinta su sake kama juna da kansu. Mun fara samu. Sai dai tana da sharaɗi: a haɗa bakin yankan, ta ji ɗumi, a bar ta ta huta. Kuma kowane ɗinki bai kai na baya ƙarfi ba.

Ina can karatu 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu. Mutanenmu suka kafa bukkokin tamfol a bakin kwalta. Suka lallaɓa suka koma gona, kogi ya yi ambaliya ya cinye tattasan. Suka sake ɗaure kaya. A tashi na uku Kaka ta daina magana. Ƙarƙashin yagaggen tamfol ta cika.

Bara aka kira ni wani taro a Diffa in nuna aikinmu. Na yanka robar a gaban jama'a, na haɗa, na ajiye a rana. Da aka dawo daga cin abinci na ja ta, ta riƙe. Aka yi tafi. Sai wani babban ma'aikacin proje, cikin masu aikin agaji, ya karɓi makirfo yana murmushi.

"Madam, ai wannan roba mutanen Diffa ce! Duk abin da ya same su, sai ka ga sun miƙe. Shi ya sa hankalinmu kwance yake da su."

Babana na zaune a layin baya, ya sunkuyar da kai. Na sa almakashi na datse robar daidai inda ta warke, na manna, na miƙa masa nan take.

"Ja, yallaɓai."

Ya ja, ta rabe a hannunsa. Ya yi 'yar dariya. "To ai ba ki ba ta lokaci ba."

"Su an ba su?"

Ban nemi gafara ba, har yau kuma ban ga dalilin nema ba.

Ina yarinya na ɗauka daɗin tatsuniyar yana wurin ƙwaryar, har na girma ina son in ƙera irinta. Sai a ɗakin taron nan na gane da wa Kaka take faɗa. Robar zan gama ta in Allah ya yarda, don Baba na jiran tiyonsa. Amma yanzu in na ji ana yabon haƙurin mutum ba a tambaye shi inda ke masa ciwo ba, na san wata tsagar ake shirin ƙara masa.