Wurin Baban Yara a Bayan Kicin

Shekarar da gwiwoyina suka fara ƙin hawa matakalar baranda, 'yata da ke Jos ta ce in sayar da gidanmu na Kafanchan in koma wurinta. Na ce to. Amma tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in shiga ɗaki, in fito in sake sharewa. Babanta yana kwance a bayan kicin. A nan muka binne shi, yadda mutanenmu suke yi, da ɗan siminti da gicciye a kai. Idan gida ya tafi, shi fa?

Dillali na farko dikin ne a ikilisiyarmu. Ban neme shi ba, a bakin matan zumunta na coci ya ji. Ya zo a kan mashin, waya a kunne, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya. Da ya kai bayan kicin sai ya tsaya.

"Mama, wannan zai kashe mana kasuwa fa."

Na ce, "Baba dikin, ai ka san shi. Kai ka riƙe gefen akwatin gawarsa."

"Na san shi mana! Mutumin reluwe, ba ya son ɓata lokaci. Da shi da kansa zai ce a cire gicciyen a shafe wurin da siminti. Sai mu ce wurin shanya citta ne. Baba yana sama, Mama, ba ya bayan kicin."

Ya yi dariya, ni ma na ɗan yi don kunya. Ya bar mini takarda in sa hannu, ya ce wata biyu an gama. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa nake bi da yatsa, takardar kuwa Turanci ce. Kwana uku ina buɗe ta ina ninkewa. Ko tuwo nake tuƙawa sai in ga wasu baƙi sun baza citta a kansa, suna takawa suna hira. In ajiye muciya in fita in duba.

Maƙwabciyata ce ta kawo mini ta biyun, wata mai sayar da hatsi a kasuwa, tana kuma dillancin gidaje. Da ƙafa ta zo. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗaki ta ce, "Mama, wannan kwanon naki ya ga duniya." Da muka zaga baya sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Sannu Baba, mun zo ganin gida."

Na faɗa mata shawarar dikin.

"Ni ba zan ɓoye ba," in ji ta. "Ranar da sabon mai gida ya haƙa shadda ya tarar da kabari, ni zai biyo kasuwa. A kira safiyo mai awon fili ya yanke wurin nan daga takardar fili. A zagaye shi da bulo, a buɗe masa ƙofa ta lungu. Gida zai ragu, wasu masu saye za su gudu."

"To yaushe zai sayu, 'yata?"

"Ban sani ba, Mama. Wanda ya ce miki ya sani, daɗin baki ne."

'Yata ta kira da yamma, da na faɗa mata na zaɓi mai hatsi sai ranta ya ɓaci. "Mama, wata biyu kika bari kika ɗauki ban sani ba?" Na ce ta yi haƙuri, zan zo, amma ba zan ce babanta wurin shanya citta ba ne. Sai na ji tana jan hanci.

Ran Lahadi bayan sujada na miƙa wa dikin takardarsa babu sa hannu.

"Mai hatsi kika ba wa gida, Mama? To, Allah ya sa kar ta auna shi da mudu."

Na ce amin.

An yi bangon, an sa ƙofa ƙarama, makulli yana wurina. Damina ta biyu ke nan. Mutane suna zuwa, mai hatsi ta kai su baya ta faɗa musu, wasu ko ruwa ba sa tsayawa sha. Wani malamin makaranta ya zo sau biyu da matarsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Rabin kayana suna cikin buhu, kullum ina kwancewa in ciro tukunya in mayar.

Yanzu idan zan je wurin baban yara sai na fita ƙofar gida na zaga ta lungu. Ina cikin cire ciyawa, kunnena yana can ƙofar gaba, ko an buga.