Muryar Maitama Ta Tsallaka Iyaka

Na san Maitama tun yana saurayi, yana kai auduga Funtuwa a kan jaki daga ƙauyensu da ke gefen hanyar Dandume. Dogo ne, mai albarkar hannu. Dawarsa in ta nuna sai ta sunkuyar da kai kamar mai gaida suruki. Uwarsa ta rasu yana jariri. Yayarsa Hansai ce ta goya shi, ta raine shi da kunun gero, kafin aure ya kai ta wani ƙauye bayan Maraɗi, a ƙasar Nijar. Ita kaɗai ce ke kiran sa Auta.

Shekarar da fari ya ƙone arewa, aka kuma rufe iyaka, Allah ya bar wa yankinmu ɗan ruwa. Hansai ta aiko wani falke mai bin hanyar daji, ta ce a gaya wa Auta ko buhu guda ne ya taimaka. Maitama ya dubi rumbunansa, ya dubi yaransa, ya tuna ba wanda ya san fuskar damina mai zuwa. A ganina tsoro ne ya kama shi, ba mugunta ba. Ya ce wa falken, "Ka gaya wa Yaya, mu ma iska ce a rumbun."

Bayan kaka, ma'aikatan rediyo masu shirin manoma suka zo kasuwar hatsi, aka nuna musu Maitama. Da aka kai masa na'urar ɗaukar magana baki, sai kansa ya fasu.

"Ni ko dawar bara ban taɓa ba," in ji shi. "Gara ce kawai ke damu na."

Ranar da aka sa shirin muna zaune a shagon Sikiru mai gyaran rediyo, Bayarabe haifaffen Funtuwa, wanda shagonsa ne majalisarmu. Aka tafa wa Maitama. Sikiru ya ce, "Yau har Yaya Hansai sai ta yi guɗa a Nijar."

"Wace Nijar?" in ji Maitama. "An rufe iyaka, ko mota ba ta wucewa."

"Kai, baƙauye! Ka taɓa ganin soja ya tare iska ya ce ta kwance kayanta?"

Muka fashe da dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ta yaƙe ce. Mu a lokacin ba mu san saƙon da ya ba falke ba. Shi kuwa da zuciya ɗaya ya ɗauka murya kaya ce, inda aka tsayar da buhu nan ake tsayar da ita.

Makonni suka wuce. Wata ranar kasuwa da hantsi, Sikiru yana gwada wata rediyo da ya gyara, sai ta kamo tashar Nijar, ana shirin gaishe-gaishe da aka ɗauka a kasuwar Maraɗi. Muka ji muryar wata mace, siririya, a gajiye.

"Sunana Hansai. Ina gaida ƙanena Maitama na Funtuwa. Na ji muryarsa a rediyon maƙwabta. Da ina kwana da damuwar yaransa ba su da abinci, yanzu hankalina ya kwanta. Allah ya tsare masa rumbu daga gara."

Wani ya fara cewa, "Maitama, an gaishe ka!" sai maganar ta mutu a bakinsa. Sikiru, da bai taɓa barin tsokana ta wuce shi ba, ya miƙa hannu ya rage murya, ya duƙufa kan wata waya da ba ta buƙatar gyara. Maitama ya tashi ya fita. Hularsa ma a kan benci ya bar ta.

Kashegari ya ɗaura wa jakuna dawa, ya bi hanyar dajin da falken ya biyo. Abin da ya faru can, shi da kansa ya ba ni labari bayan ya tsufa. Ya tarar da Hansai ta rame har zane na zame mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa abin da suke ci, ganyen tafasa da dusa.

"Bismillah, Malam Maitama. Ka sha hanya."

Ya cinye abin da ke kwanon, kansa a ƙasa, yana jiran ta ce Auta. Ta karɓi dawar, ta ɗibar wa maƙwabta, har da masu rediyon. Ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo mai kirki.

Daga wannan shekara, damin farko na kowace kaka nata ne, kuma da ƙafarsa yake kaiwa, ko iyaka a buɗe ko a rufe. Ta kan karɓa, ta sa albarka, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Shagon Sikiru kuwa bai sake zama ba. In ya zo wucewa sai ya ɗaga hannu daga tsallaken titi.

Na tambaye shi ko ta yafe masa kafin ta rasu. Ya ce ta yafe, da bakinta ta faɗa, a gaban 'ya'yanta. Ya murza ƙwayar dawa a tafinsa.

"Amma ko a ranar, Malam Maitama ta ce da ni."