Katakon Bagaruwa

Na tsufa ina aikin kafinta a Fagge, idanuna sun saba da yajin da katakon kanti yake yi in an yanka shi. 'Yata ce ba ta taɓa sabawa ba. Tana da asma tun tana ƙarama. In ta kawo mini abinci shago, kafin ta ajiye kwano numfashinta ya fara sarƙewa.

Wani abokina ɗan ƙabilar Ibo, mai sayar da katako a Sabon Gari, shi ya faɗa mini dalili. Garin katako ne ake dannewa da gam, a cikin gam ɗin kuma akwai sinadarin da ake adana gawa da shi a asibiti. A hankali yake fita, musamman in an yi zafi.

Da aka sa ranar auren 'yar tawa na rantse wannan katako ba zai shiga ɗakinta ba. Abokin nawa yana da ƙaramin injin matsa mai zafi. Muka dinga dafa bagaruwa, irin ta majema, muna haɗa ruwanta da sitacin rogo, muna kwaɓa garin katako da shi. Na farko ya ruguje a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Sai a wata na huɗu muka samu wanda ya riƙe kusa. Da shi na yi mata gado da sif ɗin kaya. Launinsu ƙasa-ƙasa ne, ba sa ƙyalli, amma ba sa wari.

Yayata ce uwar biki, ita ta raini 'yar bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta zagaye sif ɗin sau biyu, ta ce, "Wannan za a kai gidan mutane? A ce ubanta kafinta?"

Na ce shi za a kai. Ta juya ta tafi, ni kuma na ɗauka ta yarda.

Mata suka yi jere ranar Alhamis. Kamar yadda aka saba, suka turara ɗakin, suka rufe tagogi da ƙofa don ƙamshi ya kama, ba mai buɗewa sai amarya ta zo. Ga shi watan Afrilu ne.

Ranar Asabar bayan la'asar na kai lemo gidan Yaya, sai na ga sif ɗina a soro an rufa masa tabarma. Nan na gane wani aka kai a madadinsa. Motocin kai amarya sun riga sun fara jeruwa a ƙofar gida.

Uban amarya ba ya zuwa gidan ango ranar. Na sani sarai, na hau babur na tafi. Na samu ƙannen ango mata a tsakar gida, na ce su ba ni mukulli. Ina buɗe ƙofa idanuna suka kawo ruwa. Turaren bai iya ɓoye warin ba. Ga wani farin sif na katakon kanti nan ya cinye bango guda, sai sheƙi yake yi.

Na buɗe tagogi, na kira maza biyu daga layi, muka kinkimo shi. Muka fitar da shi waje. Yana kwance a bakin titi motoci suka iso, ana ta guɗa. Guɗar ta tsaya.

Na roƙa aka zaunar da amarya a falo har magariba, fanka tana kaɗa ɗakin. Da aka shigar da ita na tsaya bayan taga ina kasa kunne, ina jiran tarin nan da na sani. Bai zo ba.

Yaya ce ta fito, mayafinta a hannu.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. "Ni ce ka kwance wa zani a gaban surukai. Da ka kira ni gefe, wallahi da kaina zan sa a fitar."

Gaskiya ta faɗa. Ta tare adaidaita ta shiga. Har yau in na je gaishe ta tana amsawa, tana sa a kawo mini ruwa, amma ba ta ƙara cewa in shigo ciki ba.